Daga Bata zuwa Decathlon: Tsokaci a kan Yaɗuwar Manyan Kantunan Kayan Wasanni da Rabon Kano a Ciki

1.0 Gabatarwa



Manufar wannan takarda ita ce ta yi tsokaci a kan wani ra'ayi da ya samu gindin zama a zukatan masu nazarin kasuwanci da malaman wasannin motsa jiki, watau cewa duk inda babban kantin kayan wasanni ya sa ƙafa, to ci gaba ya zo, domin kaya za su yi araha, wasa kuma ya zama na kowa. Za a dubi kamfanoni biyu: Bata, wanda Kanawa suka sani ido da ido, da kuma Decathlon na ƙasar Faransa, wanda ake lissafa shi a sahun gaba cikin masu sayar da kayan wasanni a duniya. Ma'aunin da za a yi amfani da shi guda ɗaya ne: me kamfani yake bari a garin da ya ci kasuwarsa?

2.0 Yadda Suka Bunƙasa

2.1 Bata

Tomas Bata da 'yan'uwansa biyu ne suka kafa kamfanin cikin 1894 a garin Zlin, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Abin da ya fara ɗaga shi takalmi ne na yadi mai sauƙin kuɗi. Cikin 1922, sa'ad da kasuwa ta tsaya cik a ƙasarsa, sai Bata ya zabtare rabin farashin takalmansa, ya kuma rage albashin ma'aikatansa, ya kwashe kasuwar abokan hamayya. Daga nan ya shiga gina masana'antu a ƙasashen waje, kamar East Tilbury a Ingila da Batanagar kusa da Kalkata a Indiya. Ya shigo Nijeriya cikin 1932 yana sayar da kayan da aka yi a waje, sai bayan mulkin kai ya kafa masana'anta a Legas. Cikin 1971 ya fito da tambarin Power domin takalman wasanni zalla. Sirrinsa shi ne riƙe igiyar tun daga tushe har ƙarshe: shi ke ƙera kaya, shi ke ɗauko su, shi ke sayarwa a kantinsa, a farashin da shi ya yanka.

2.2 Decathlon

Michel Leclercq ya buɗe kantin farko cikin 1976 a Englos, kusa da birnin Lille. Dabararsa ita ce tara kayan kowane irin wasa a ƙarƙashin rufi ɗaya, a bayan gari inda fili yake da araha. Shekara goma bayan haka, watau 1986, ya yi abubuwa biyu da suka sauya tarihinsa: ya buɗe kanti a Dortmund ta Jamus, ya kuma fara tsara kayansa da kansa maimakon dogaro da hajar wasu. Ya shiga Sifen cikin 1992, ƙasar Sin cikin 2003, Indiya cikin 2009, ya kuma iso Afirka a ƙasashe irin su Maroko da Afirka ta Kudu da Senegal da Gana. Cinikinsa na 2023 ya haura Yuro biliyan 15, a kantuna fiye da 1,700. Tambarinsa na ƙwallon ƙafa, Kipsta, shi ya karɓi aikin samar da ƙwallon babbar gasar Faransa daga 2022. Idan aka lura da kyau, hanyar Bata ce ya bi, sai dai bambanci ɗaya: mafi yawan kayansa wasu masana'antu ne suke ƙera masa a kan kwangila, musamman a Asiya, shi kuwa ya riƙe zane da suna da kanti.

3.0 Tsokaci a kan Da'awar

Ba za a yi musun cewa araha tana da amfani ba. Ɗan makarantar da ya samu kambas mai ƙarko a kuɗi kaɗan ya amfana, kuma duk wanda ya yi firamare a zamanin Bata shaida ne. Amma akwai wurare uku da da'awar take da rauni.

Na farko, araha ba daga sama take faɗowa ba, akwai mai biyan ta. A Zlin ma'aikata ne suka biya ta da albashinsu cikin 1922. A zamaninmu kuwa masu ɗinki ne na ƙasashe matalauta. Alal misali, sai da aka ƙulla yarjejeniyar Atlanta cikin 1997 kafin a tashi tsaye wajen hana sa yara ƙanana ɗinkin ƙwallo a garin Sialkot na Pakistan. Mai nazarin da ya tsaya a kan farashin da ke manne jikin haja bai ga rabin lissafin ba.

Na biyu, wannan "kowa" da ake ta ambata yana da iyaka. Cikin Fabrairun 2019 Decathlon ya janye shirinsa na sayar da hijabin gudu a Faransa saboda matsin lambar 'yan siyasa da barazanar da aka yi wa ma'aikatansa, alhali kuwa yana sayar da shi a Maroko. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin rashin suturar wasa da ta dace da addini da al'ada yana daga cikin dalilan da ke hana 'yan matanmu shiga fili. Kamfanin da ke nesa yana auna bukatarmu ne da ma'aunin kasuwarsa ta gida.

Na uku, babban kanti baƙo ne, raɓa ne, ranar da lissafi ya ƙi sai ya naɗe tabarmarsa. Decathlon kansa ya fice daga Amurka cikin 2006, ya koma, ya sake rufe kantunansa a can cikin 2022. Mu ma a nan Kano mun ga irin haka, ko da yake ba a fannin wasanni ba: Shoprite ya buɗe a rukunin kantunan Ado Bayero cikin 2014, ya rufe a Janairun 2024. Bata kuwa, bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 da kwararowar takalman waje masu araha, ya janye daga Nijeriya, da sunan ya dawo cikin 2019 kuma a Abuja aka kafa masana'antar. Abin da ya rage mana a Kano shi ne sunan wata mahada kusa da kasuwar Sabon Gari, inda har gobe ɗan adaidaita sahu yake kiran "Bata! Bata!"

4.0 Rabon Kano

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Nassarawa da la'asar sakaliya, ya leƙa filayen makarantu da sauran sararin da ke tsakaninta da Ƙofar Mata inda filin wasa na Sani Abaca yake, zai ga kasuwar da ake magana a kai da idonsa: samari rukuni-rukuni suna buga tamaula, wannan da jesin Arsenal, wancan da ta Barcelona, wani da but, wani da silifa, wani ƙafa tsirara. Garin da Raccah Rovers ta ci masa gasar ƙasa cikin 1978, Kano Pillars kuma ta ci sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, garin da ya karɓi wasannin matasa na duniya a 1999 da 2009, ba ya rasa masu saye. Amma kusan duk abin da ke jikin waɗannan samari daga waje ya zo, ko dai sabo na kwaikwayo daga Asiya, ko kuwa gwanjo da aka kwance daga dila a Ƙofar Wambai. Watau kayan manyan kamfanoni sun iso mu ko ba kantinsu, sai dai bayan wani ya sa ya gaji.

Abin takaicin shi ne ba haka tarihinmu yake ba. Da Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da fatake suke fita da su har Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don kawai ta can take bi ta isa gare su. Tun a wancan zamani, ashe, haja tamu ce, suna na wani.

A nan ne ya kamata a yi hattara da wata magana da ake yawan maimaitawa a tarurruka irin wannan, cewa tunda muna da fata da majema da dukawa, ai ƙera ƙwallo ba zai gagare mu ba. Wannan magana zamani ya wuce ta. Ƙwallon fata na ƙarshe da aka buga gasar cin kofin duniya da shi shi ne na 1982 a Sifen. Daga gasar Meziko ta 1986 aka koma kayan roba na haɗi, haka nan mafi yawan but da jesi na yau. Saboda haka masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, ko da suna aiki dare da rana, ba su ne za su buɗe mana wannan ƙofa ba. Sialkot ta riƙe matsayinta ne da gwanintar hannu da tsarin aiki, ta kuma bi zamani da ya juya. Duk da haka, ƙwallon Brazuca da kamfanin Forward Sports ya ƙera a can domin gasar 2014, sunan Adidas ne a jikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Darasin da ke cikin tarihin Bata da Decathlon ke nan: riba tana wajen mai zane da suna da hanyar kai kaya ga mai saye.

5.0 Shawarwari

Ba a ce mu yi gogayya da mai kantuna 1,700 ba. Kowa ya daka ta ɓarawo ba zai sha fura ba, kuma gwargwadon bargon mutum gwargwadon miƙe ƙafarsa. Amma akwai kasuwar da ke hannunmu:

(a) Makarantun gwamnati suna sayen kayan wasan gasar gidaje kowace shekara. Ma'aikatar Ilimi tana iya shar'anta cewa riguna da wanduna da raga da tutoci a ɗinka su a cikin jiha, bisa ma'aunin inganci da aka rubuta.

(b) Sassan koyar da wasanni da na tattalin gida da na sana'o'i a kwalejojin ilimi su haɗa kai su tsara suturar wasa ta 'yan mata, su gwada ta a fili, su miƙa zanen ga teloli. Wannan gurbi ne da babu wanda ya fi mu sanin sa.

(c) Masu ɗinkin takalma na Ƙofar Wambai su haɗu a ƙarƙashin tambari ɗaya mai rajista, tare da taimakon cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya, domin mai saye ya san wanda zai yaba da wanda zai kai wa ƙara.

(d) Wasanninmu na gargajiya, kamar dambe da kokawa da sukuwar dawaki, suna da kayansu da babu wani kantin Turai da ya tsara. Idan ba mu sa musu suna ba, wata rana za mu saye su daga hannun wanda ya sa.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa yaɗuwar manyan kantunan kayan wasanni ta ginu ne a kan mallakar zane da tambari da kanti, kuma arahar da suke kawowa tana da mai biya, tana da iyaka, ba ta kuma da tabbas. Kano ta ba da fata a jiya, tana ba da masu saye a yau, a duka biyun kuwa rabonta bai taka kara ya karya ba. Ya rage ga malamai, musamman mu da muke horar da masu koyar da wasanni, mu riƙa tambayar ɗalibanmu ba yadda ake buga ƙwallo kaɗai ba, har ma da wanda ya ɗinka ta da wanda ya ci ribarta. A nan zan dasa aya, ina fatan mahalarta za su faɗaɗa muhawarar.