Idon Mai Barga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah ya san matsayin doki a Katsina. A nan Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya raya wasan ƙwallon dawaki, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa. Amma bayan kowane ingarma da ya sha ado akwai wani dattijo a barga, wanda ba a sanin ƙimarsa sai ranar da doki ya yanke jiki ya faɗi.

A irin wannan rana 'yan kallo sukan taru, wani ya ce iska ce, wani ya ce kambun baka ne. Shi kuwa mai barga korar mutane yake fara yi. Ba ya kusantar ƙafafun dokin da ke shure-shure. Ta bayan wuya yake zagayowa. Da jikin ya lafa sai ya ce wa yaronsa, "Zare linzami, kwance sirdi." Yaron ya ce, "To, Baba."

Tun kafin ya kai hannu, idonsa ya riga ya rarrabe suma da farfaɗiya. Dokin da ya suma yakan zube laƙwas, ya miƙe ba da jimawa ba da hankalinsa, kuma galibi zuciya ake tuhuma. Mai farfaɗiya kuwa yakan sandare, idanu su juye, ƙafafu su riƙa tuƙi kamar yana gudu a kwance, in ya tashi ya daɗe bai gane turkensa ba. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne.

Sai ya sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda jijiya ke harbawa. Lafiyayyen doki a hutu bugunsa tsakanin 28 ne da 44 a minti. In ya haura 60, akwai matsanancin ciwo. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi, ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ya mintsini fatar wuya ya saki. In ta tsaya a tattare, ƙishi da rana sun cinye ruwan jiki. Daga nan ya kara kunne a kwiɓi. Cikin doki ba ya rabuwa da ƙugi, saboda haka shirunsa alamar ƙullewar ciki ce, ga shi doki ba ya amai balle ya samu sauƙi.

Bayan jiki sai barga. Yakan ɗebi hatsi ya sansana, domin masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata ƙwaƙwalwar doki. Yakan tona harawa, ya tambaya ko an yi feshin magani a kusa. Yakan ɗaga kofato ya nemi hujin ƙusa, ƙofar cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. In kare ya taɓa cizon dokin, ba ya barin kowa ya taɓa yawunsa. In da damina ne, ga zazzaɓi, ga kumburi a saman idanu, ga kumfa a hanci, sai ya tuna da annobar dawaki da ƙananan ƙwarin magariba ke yaɗawa. Har gwiwoyi yake dubawa: dokin da aka ɗaure gajere bai samu kwanciya ba, barci kan kwashe shi a tsaye ya durƙushe.

Cikar gwanintarsa ita ce sanin iyakarsa. Yakan aika a kira likitan dabbobi, ya zayyana masa lokacin faɗuwar, tsawonta, da abin da dokin ya ci.

Matasa masu sha'awar kilisa da sukuwa, ku durƙusa gaban waɗannan dattawa tun suna raye. Wanda ya iya hawa kaɗai, rabin doki ya sani.