Tsarin Toyota a masana'antun sassan mota: abin da aka ɗauka da abin da aka bari

Tun daga shekarun 1980, masana'antun ƙera sassan mota da yawa a Amurka da Turai suna iƙirarin bin tsarin aikin kamfanin Toyota, wanda injiniya Taiichi Ohno ya gina a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ginshiƙinsa shi ne kada a ƙera wani sashe sai an buƙace shi, gwargwadon adadin da aka buƙata. Mai isar da saƙon buƙatar shi ne kanban, wato ɗan katin da ke komawa daga mai haɗa mota zuwa ga mai ƙera sashe domin a aiko da madadin abin da ya ƙare. Sai dai abin da ake yayi a yau shi ne manajoji su ɗauki katin, su rage kayan da ke ajiye a sito, su girka kwamfutar da ke ƙirga daƙiƙoƙin kowane ma'aikaci, sannan su ce sun ƙara yawan aiki, alhali saman tsarin kawai suka taɓa.

Ribar da Toyota da masu yi masa sassa suka samu ba daga saurin hannun ma'aikaci ta fito ba. A injin buga ƙarfe, sauya zubin da ke fitar da siffar sashe yakan ci sa'o'i, injin na tsaye, ma'aikata na zaune. Injiniya Shigeo Shingo ya nuna cewa idan aka ware shirin da za a iya kammalawa tun injin na aiki daga wanda sai an kashe shi, ana iya dawo da sauyin ƙasa da minti 10. Haka nan andon, igiyar da kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga aibi, har layin ya tsaya in ba a gyara ba, iko ne da aka miƙa wa na ƙasa, kuma shi ne manajoji da yawa ba sa son saki. A Fremont ta Kalifoniya, masana'antar da kamfanin General Motors ya rufe a 1982 ta sake buɗewa a 1984 da sunan NUMMI bisa haɗin gwiwa da Toyota, akasarin ma'aikatanta tsoffin ne da ake zargi da fashin aiki, amma ingancin motocinsu ya kusa kamo na Japan bayan an ba su igiyar, an kuma yi musu alkawarin kauce wa sallama.

Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da illa, domin ɗan jarida Kamata Satoshi, wanda ya yi aikin wucin gadi a Toyota, ya bayyana gajiyar layin a littafinsa na 1973.

Rage ajiya kuwa haɗari ne ga wanda bai ƙulla amana da abokan hulɗarsa ba. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar kamfanin Aisin da ke garin Kariya a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke ƙera wa Toyota wani bawul mai daidaita ƙarfin birki, layukan haɗa mota suka tsaya; Aisin ya raba zanen bawul ɗin, kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu, har da waɗanda ba su taɓa ƙera shi ba, kuma cikin kusan mako guda aka koma haɗa motoci.