Gyaran Dokar Aure: An Tsare Ƙofar Shiga, An Bar Ta Fita

Tun da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Jihar Arewa cikin 1960, har aka mai da kotunan alƙalai kotunan yanki bayan 1967, hukuncin aure da saki bai bar hannun littattafan Malikiyya ba, watau Risala, da Muhtasar, da Tuhfa. Ko da Sakkwato ta faɗaɗa aikin Shari'a cikin 2000, laifuka aka fi duba, ba zaman iyali ba.

Gyaran da ya biyo baya daga Kano ya fi fitowa. Cikin 2012 Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa. Cikin 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya kawo shawarar dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, amma ba ta zama doka ba har aka sauke shi cikin 2020. Cikin 2024 aka wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure.

Abin lura, masu karatu, shi ne waɗannan duk ƙofar shiga suka tsare. Ƙofar fita kuwa tana nan yadda take. Mutum a Unguwar Rogo yana iya sakin matarsa da baki, ko da 'yar takarda, ba alƙalin da ya sani. Littafi ya ce ta yi idda a ɗakinta yana ciyar da ita. Al'ada ta ce ta kwashe kaya ran nan. Littafi ya ba uwa riƙon ɗa har ya balaga, ɗiya har a kai ta ɗakin miji. Al'ada ta kan karɓe yaro da an yaye shi. Ashe ba hukunci aka rasa ba, mai zartar da shi aka rasa.

Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa saki ƙarƙashin izinin kotu cikin 2004. Ba lalle a kwaikwaye ta duka ba. Amma rubuta kowane saki gaban alƙali, tare da ƙayyade ciyarwa da riƙo, bai saɓa wa Muhtasar ba. In ba a yi haka ba, wadda aka aurar bana ita za a sake aurarwa baɗi. Allah shi ne masani.