Masu Ƙirga Duwatsun Duniyar Mas

Manomin Deule, a ƙasar Adar mai yawan tsauni da marmara, ba ya buƙatar a faɗa masa cewa dutse ɗaya kan karya garma. Shi ya sa nake ganin zai fi kowa gane darajar wasu masana na hukumar NASA ta Amurka, waɗanda sana'arsu ita ce ƙirga duwatsu a wurin da ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba.

Kafin kumbo ya sauka a duniyar Mas, sai sun tantance filin. Idonsu shi ne kyamarar HiRISE, da ke kewaya Mas tun 2006 a jikin tauraron ɗan Adam. Daga sama dutse ba ya fitowa sosai, amma inuwarsa na fitowa. Sai su auna inuwar, su san inda rana take a lokacin ɗaukar hoton, su fitar da girman dutsen. Ƙananan da kyamara ba ta gani kuwa, lissafi ke hasashen yawansu, bisa abin da kumbon Viking ya tarar a 1976 da Pathfinder a 1997. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai.

Da hotunan suka nuna filin da aka fi so wa kumbon Phoenix cike da manyan duwatsu, aka sauya wuri, ya sauka lafiya a 2008. Matt Golombek, ɗaya daga cikin masanan nan, da abokan aikinsa sun cancanci jinjina: kumbon Curiosity a 2012, na InSight a 2018, duk filayensu sun bi ta hannunsu.