Sharhi a kan Ƙidayar Eriya a Radar Mota

Masu rubutu a kan radar mota sun saba auna kaifin ganinta da yawan eriyoyin lissafi, watau adadin da ake samu in an ninka masu aikawa da masu karɓa. A ganinmu wannan ma'auni yana da rauni muddin ba a faɗi tazara da tsarin jeri ba.

Alal misali, kamfanin Texas Instruments na Amurka ya haɗa guntaye 4 na AWR2243 a allo ɗaya, kowanne da masu aikawa 3 da masu karɓa 4. Jimla 12 da 16 ke nan, in an ninka 192. To, amma abin da ke rarrabe motoci biyu da ke kafaɗa da kafaɗa shi ne faɗin jerin a kwance, kuma a nan gurabe 86 kawai ake da su. Sauran wasu na auna tsayi ne, wasu kuwa sun hau kan juna. Tsawon zango a gigahaz 77 kusan milimita 3.9 ne, tazarar gurabe kuwa rabinsa. In aka zarce haka don kwaɗayin faɗi, sai na'ura ta nuna mota inda babu ita, a taka birki a banza.

Waɗanda suka hau kan juna ma ba asara ba ne. Da yake masu aikawa bi da bi suke aiki, motar da ake hange takan gusa kafin zagaye ya cika, kuma da waɗannan tagwayen ne ake gano gusawar a gyara lissafin kusurwa.