Haruffa Masu Ƙiba: Daga Kasuwar Omdurman Zuwa Kwamfutarmu

Mu 'yan rediyo murya ce jarinmu, shi ya sa ba kasafai muke kula da kamannin rubutu ba. Ni ma haka nake, sai ranar da na haɗa shiri na musamman kan waƙoƙin Sudan na shekarun 1970, aka ce a yi hoton talla da za a sa a Facebook. Yaron da ke mana zane ya zaɓo wani salon haruffa mai suna Cooper Black. Da na gani sai na yi dariya, domin haruffan kamar yaran da suka ƙoshi da fura: gajeru, masu kumatu, ba kusurwa ko ɗaya mai kaifi.

Wani Ba'amurke, Oswald Cooper, ya zana salon a birnin Chicago, aka fitar da shi a 1922 domin tallace-tallace. Ya sake tashe a shekarun 1960 da 1970, har ya hau bangon faifan Pet Sounds na 1966, kuma shi ne a jikin jiragen easyJet. Idan ka ƙura wa harafin "o" ido za ka ga ramin cikinsa ya ɗan karkace, kamar hular da aka kafa a gefe. Wannan 'yar karkata ce ke ba shi fara'a. Ƙibarsa kuwa ita ke sa a karanta shi daga nesa.

Abin da ya sa na amince da zaɓin yaron shi ne ya tuna min da Omdurman. Kafin yaƙi na je ziyarar dangi, cikin Hausawan da kakanninsu suka yada zango a Sudan a hanyar Makka. A babbar kasuwar garin na ga allunan shaguna da aka rubuta da buroshi da fenti, yawanci da rubutun ruƙ'a, wanda masu allo suka kumbura shi, suka yi masa inuwa da ja ko ruwan ɗorawa. Haka bayan motocin haya da raksha, wato a-daidaita-sahun can. Mai sayar da lemo harafinsa na rawa, mai sayar da zinariya nasa a natse. Tun kafin ka karanta, ka san irin shagon.

Ba abin mamaki ba ne, domin ƙasar ta daɗe tana girmama harafi. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, kuma daga harafin Larabci ya gina zanensa. Usman Waƙi'allah ya yi suna a ƙayata rubutu. Shi kuwa Sharhabil Ahmad, wanda ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, ya yi shekaru yana zane a mujallar yara ta Al-Sibyan. Hannun da ke kaɗa jita shi ke zana wa yara abin dariya. Don haka harafi mai barkwanci ya dace da kiɗansa.

To amma ina da ƙorafi uku.

Na farko, Cooper Black na kanun magana ne kawai. Da yaron ya rubuta lokacin shiri da mitar tasha da shi ƙanana, ramukan haruffan suka toshe, rubutun ya zama kamar tuwon da ya kwana. Dole muka canza wa ƙananan layuka siririn salo.

Na biyu, kuma shi ya fi ci min rai: wanda ke kwamfutarmu ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Kalmar "waƙoƙi" ta fito da ramammun ƙ guda biyu a tsakiyar ƙattai. Yaron ya ce mu sa k kawai. Na ƙi, domin wanda ya saba zubar da lanƙwasa, wata rana zai rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi. Sai da ya zana lanƙwasar da hannu. Mai allon Omdurman ba ya da wannan matsala, duk harafin da ka faɗa masa zai ba shi jiki.

Na uku, harafi yana da inda ya dace. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, Khartum da Omdurman sun ga rushewa, kasuwar da na zaga ta sha wuta da wawaso, miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Da muka zo yin shiri kan 'yan gudun hijira, yaron ya sake ɗauko salon nan don ya riga ya zama tambarinmu. Na hana. Ba a shiga gidan makoki da kalangu.

Shawarata ga masu zana bangon littattafanmu da fastocin finafinai a Kano ita ce su yi amfani da irin wannan salo a take, ga abin raha, su kuma duba ƙ da ɗ da ɓ kafin su kai wa mai ɗab'i. Sannan duk mai hoton tsohon allon shago, na Omdurman ne ko na Kantin Kwari, ya adana shi. Na Cooper yana cikin kwamfutoci ko'ina a duniya. Na masu buroshi kuwa, allo ɗaya ne, in ya ƙone shi ke nan.