Tarken Majigin Kodin na BBC da Kalmomin da Hausa Take Muhawarar Shaye-shaye da Su

1.0 Gabatarwa

Ranar 30 ga Afrilu, 2018, sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC, watau Africa Eye, ya fitar da wani majigi mai suna Sweet Sweet Codeine, wanda 'yan jaridar Nijeriya biyu, Ruona Meyer da Adejuwon Soyinka, suka yi wa jagora. Washegari, 1 ga Mayu, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana haɗa maganin tari mai kodin da kuma shigo da shi ƙasar. Ba kasafai hukuma take amsa kiran ɗan jarida da irin wannan gaggawa ba, ko da yake ma'aikatar ta ce kwamitinta ya riga ya yi watanni yana aiki a kan al'amarin. Daga nan muhawara ta ɓarke a gidajen rediyo da majalisun hira da wayoyin hannu, aka yi ta yin ta da Hausa, tun da yake Kano ce majigin ya fi haskawa.

Wannan maƙala za ta yi tarken majigin ta fuskoki uku. Da farko za a dubi abin da ya cim ma, sannan a auna alƙaluman da ya dogara da su da hotunan da ya nuna, daga bisani a nazarci kalmomin da Hausa ta karɓi zancen da su. Manufa ita ce a nuna cewa kalmar da aka kira matsala da ita tana da hannu wajen zaɓen maganin da za a yi mata, kuma a wannan fage kuskuren kalma yakan ƙare ne a ƙafar wani yaro.

2.0 Abin da Majigin Ya Cim ma

Gaskiyar magana, majigin ya yi aikin da ya ɗauka. Kafin fitowarsa, yawancin masu magana a kan shaye-shaye a ƙasar Hausa sun fi ɗora laifi a kan yaro da iyayensa da abokan banza. Majigin ya juya akalar kyamara zuwa inda kwalba take fitowa. Ta hanyar ɓoyayyar kyamara ya nuna wasu ma'aikatan kamfanonin haɗa magunguna suna sayar da katan-katan na maganin tari ga wanda ba shi da lasisi, ba shi kuma da takardar likita. A cikin watan Mayun nan hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku, watau Emzor a Legas, da Bioraj da Peace Standard a Ilori, kafin daga baya ta buɗe su. Wannan sauyin mazaunin laifi, daga bakin mashayi zuwa hannun dillali, shi ne babbar nasarar aikin.

Ta fuskar tsari kuwa, an gina labarin ne a kan muryar mace wadda ta bayyana cewa abin ya taɓa gidansu. Wannan ya rage wa majigin warin baƙon da ya zo kallon masifar wasu. A 2019 aka sanya shi cikin jerin masu takarar lambar Emmy ta duniya. Sai dai kuma yabo ba ya hana tarke, musamman ga aikin da ya zama tushen doka.

3.0 Alƙaluma da Hotuna

3.1 Kwalabe miliyan uku

Adadin da ya fi yaɗuwa tare da majigin shi ne cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. An jingina wannan adadi ga Majalisar Dattawa, inda aka ambace shi a 2017. Majigin ya karɓe shi bai auna ba, jama'a kuma suka karɓa daga gare shi. A watan Janairu na 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka, ta fitar da sakamakon bincike mai faɗi a kan wannan matsala. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a cikin shekarar da ta gabace shi. Daga ciki, miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari.

In aka jera adadin nan biyu, sai lissafi ya ƙi zama. Ko da a ce dukan mutum miliyan 2.4 ɗin nan a Kano da Jigawa suke zaune, sai kowannensu ya sha fiye da kwalba guda kullum, ba fashi, kafin a kai miliyan 3. Har ila yau binciken ya nuna cewa yankin Kudu maso Yamma ne ya fi yawan masu shan, da kashi 22.4 cikin ɗari, alhali Arewa maso Yamma tana da kashi 12. Wannan bai wanke Kano ba, domin tana cikin jihohin da abin ya yi tsanani. Abin da ya nuna shi ne, kodin ɓangare ne na matsala wadda ta game ƙasa, kuma ba shi ne mafi girman ɓangaren ba. Majigin da ya kafa idonsa a kan kwalba ɗaya da birni ɗaya ya sa mai kallo ya zaci in an kawar da kwalbar an kawar da cutar.

Abin da ya biyo baya ya ƙaryata wannan zato. A watan Afrilu na 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramadol. A watan Fabrairu na 2025 BBC ɗin da kanta ta fitar da wani binciken da ya nuna wani kamfani a Indiya yana turo wa Afirka ta Yamma haɗin sinadaran tapentadol da karisoprodol, haɗin da ba a yarda da shi a matsayin magani ba. Watau an toshe rami guda, ɓera ya fito ta wani.

3.2 Hoton mari

Hoton da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne na samari ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. A nan ne raunin majigin ya fi fitowa fili. An jera hoton ne a matsayin shaidar ɓarnar da kodin yake yi wa ƙwaƙwalwa, alhali kuwa sarƙar ba kodin ne ya ɗaura ta ba, mutane ne. Majigin ya nuna tausayi, amma bai tsaya ya tuhumi sarƙar kamar yadda ya tuhumi dillalai ba. Mai kallo Bahaushe, wanda ya riga ya san “gidan mari” a matsayin wurin da ake kai kangararre, yana iya tashi daga kallon da ƙarin imani cewa mari magani ne mai ɗaci.

Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, a watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka yi irin wannan samame a Daura. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Tambayar da majigin ya tsallake, watau me za a yi da wanda ya riga ya kamu, ita ce ta dawo da ƙarfinta.

4.0 Kalmomin Muhawara

4.1 Ƙwaya da shaye-shaye

Asalin “ƙwaya” ɗan ƙaramin abu ne dunƙulalle, kamar ƙwayar hatsi ko ƙwayar ido. Daga nan ta koma ƙwayar magani, sannan ma'anarta ta faɗaɗa har ta rufe duk wani abin sa maye. Yau ana kiran mai shan ruwan maganin tari “ɗan ƙwaya”, haka mai shaƙar sholisho, ko da yake babu ƙwaya a hannun ko ɗayansu. Ita ma “sha” aikatau ce mai faɗi: ana shan ruwa, ana shan taba, ana shan magani. Da aka ninka ta zuwa “shaye-shaye” sai ta haɗa wiwi da zaƙami da gadagi da kodin a ƙwarya guda. Ga mai wa'azi wannan ya isa. Ga likita da mai tsara doka bai isa ba, domin kowane ɗaya da yadda yake aiki a jiki.

Alal misali, kodin daga tsiron da ake samun ofiyom yake fitowa, kuma wani masanin sinadarai Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya fara tace shi a 1832. In ya shiga jiki, hanta ce take mayar da wani kaso nasa zuwa mofin. Hantar wasu mutane tana yin wannan aiki da sauri fiye da ta saura, saboda bambancin gado, don haka kwalbar da ta sa wani gyangyaɗi tana iya tsayar da numfashin wani. Wiwi ba ta kashewa ta wannan hanya, tana da nata haɗarin dabam. Harshen da ya kira su da suna ɗaya ba zai iya gaya wa uwa wanne ne ke buƙatar a ruga asibiti cikin dare ba.

4.2 Miyagun ƙwayoyi

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa da Doka ta 48 ta 1989, an saba fassara sunanta da “Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi”. Sifar nan “miyagu” ta ɗora mugunta a kan sinadarin kansa. Amma kodin da mofin duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da irinsu ake sassauta wa mai ciwon daji da mai amosanin jini raɗaɗi. In aka sabar wa jama'a cewa abin mugu ne a zatinsa, to majinyacin da ke neman sa bisa larura shi ma ya zama abin zargi, mai kantin magani kuma ya ji tsoron ajiye shi.

4.3 Sabo da jaraba

Babban giɓin da ke akwai shi ne rashin tsayayyar kalma ga halin da jiki yake shiga in ya dogara da sinadari. “Sabo” ta yi sauƙi, domin ana sabo da goro da shayi, kuma karin maganar nan ta sabo turken wawa ta riga ta mai da wanda ya saba abin dariya. “Jaraba” kuwa ta karkata ga halin mutum da kwaɗayinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ɗauki abin da ke faruwa ga wanda aka yanke wa kodin farat ɗaya: zufa, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Tun cikin shekarun 1960 likitoci a Niyok suka fara amfani da metadon wajen kula da masu wannan hali, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da bufrenofin, a jerin muhimman magunguna. Inda harshe bai san cuta ba sai dai hali, magani ba zai wuce horo ba.

4.4 Halattawa

Duk lokacin da labarin wasu ƙasashe ya shigo muhawara, kalmar “halatta” takan rufe ƙofar tunani. A 2001 ƙasar Fotugal ta daina gurfanar da wanda aka kama da ɗan abin da bai wuce shan kwana goma ba a gaban kotun laifi. Ana tura shi gaban wani kwamiti mai iya kai shi asibiti ko ya ci shi tara, fatauci kuwa yana nan a matsayin babban laifi. In mai fassara ya ce Fotugal ta “halatta ƙwaya”, ya yi kuskure biyu: ya faɗi abin da bai faru ba, ya kuma jawo kalmar fiƙihu cikin zancen tsarin hukunci, ta yadda duk wanda ya nemi a duba tsarin zai zama kamar mai jayayya da haramci. Wannan tsari ma ba ko'ina ya yi nasara ba. Jihar Oregon ta Amurka ta ɗauki makamancinsa ta hanyar ƙuri'a a 2020, ta kuma janye shi a 2024. Muhawara ce ta gaske mai hujjoji ta kowane ɓangare, amma ba za a iya yin ta da kalmar da ta yanke hukunci tun kafin a fara ba. “Sassauta hukuncin mashayi” ta fi kusa da ma'ana.

5.0 Kammalawa

An ga cewa majigin ya yi nasara wajen tona asirin masu cin riba, ya kuma gaza wajen auna adadin da ya yaɗa da tuhumar sarƙar da ya nuna. An kuma ga cewa Hausa ta karɓi zancen da kalmomin da suka fi dacewa da tsawatarwa. Tsawatarwa tana da muhallinta, kuma al'ummar da ta ƙi kiran ɓarna da sunanta ba za ta gyaru ba. Amma binciken 2019 ya nuna cewa ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu shan mace ce, kuma macen da ta san sunan da za a kira ta da shi ba za ta kai kanta asibiti ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban masana harshe. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da sassan Hausa na sauran jami'o'i sun daɗe suna ƙirƙirar kalmomin nahawu da na kimiyya. Ya kamata su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware, tare da masu fassarar labarai na gidajen rediyo, a tsayar da kalmomin da za su bambanta mai gwadawa da wanda jikinsa ya dogara, su bambanta magani da yadda ake karkatar da shi, su kuma bambanta jinya da mari.